ƘASHIN KURTU BA ƘARFE BA NE

Idan aka tambayi mutum abin da ya fi fid da soja daga bakin aikinsa, nan da nan zai ce harsashi. Amsa ce mai kama da gaskiya, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Daga shekarar 2004 zuwa 2007 an kwaso sojan Amurka wajen dubu 34 daga Iraƙi da Afganistan, aka kai su asibiti a waje. Da likitoci suka zauna suka bi takardunsu, sai suka tarar cikin kowane mutum 100, mutum 24 ciwon gwiwa da na kafaɗa da sauran ciwon ƙashi da tsoka ne suka fid da su, alhali kuwa waɗanda raunin yaƙi ya fitar 14 ne kurum. Wannan fa a fagen fama ke nan. A bariki kuwa, inda babu abokin gaba ko ɗaya, irin wannan ciwo shi ne kan gaba wajen kai sojansu gaban likita, kuma babban rabonsa a wajen gudu da maci da ɗaukar kaya a ke samo shi.

Maganar da na ke so in yi da jama'a, musamman malaman makaranta da malaman ofis, ita ce wannan. Yawancin raunin da kurtu ya ke samu a wajen horo ba wani haraji ba ne da tilas sai an biya kafin a zama soja. Gaggawa ce ta ke jawo shi, watau a ɗora wa jiki aiki mai yawa cikin kwanaki kaɗan. Maganinsa kuwa abu ne wanda kowane malami ya sani tun ran da ya fara riƙe alli: a bi mataki-mataki, a kuma riƙa rubuta abin da ya faru. Zancen ya shafe mu, gama tun shekarar 1924 a ke horon kurata a Zariya, kuma yaran da su ke shiga can daga hannunmu su ke fitowa.

CIWON DA BA YA JINI

Raunin horo iri biyu ne. Akwai na haɗari, kamar yaro ya faɗo daga katanga ya karye, ko ya taka rami ya yi targaɗe, ko kafaɗa ta goce. Wannan kowa yana ganinsa, ba a gardama a kansa. Akwai kuma wanda ya ke zuwa sannu a hankali, babu faɗuwa babu jini: gwiwa ta riƙa zogi, agara ta kumbura, kwankwaso ya riƙe, ƙwauri ya riƙa ciwo in an taka. Wannan na biyu shi ya fi yawa, shi ne kuma a ke yi wa rashin adalci, don mai shi ba shi da abin nunawa sai bakinsa.

Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1855 wani likitan sojan Purushiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, mai suna Breithaupt, ya rubuta labarin sojan da ƙafafunsu ke kumbura bayan doguwar tafiya. Ba a tabbatar da dalilin ba sai 1897, shekara biyu bayan an gano hikimar ɗaukar hoton ƙashi. Da aka ɗauki hoton irin waɗannan ƙafafu, sai ga siraran ƙasusuwan bayan ƙafa a tsage. Babu wanda ya buge su, babu abin da ya faɗo musu. Taku ne kawai, dubu kan dubu, har ƙashi ya gaji. Hausawa sun ce a juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe.

YADDA ƘASHI YA KE GINUWA

Mutane da yawa suna zaton ƙashi busasshen abu ne kamar sanda. Ba haka ba ne. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe shi ana sāke gina shi. Idan aka ɗora masa nauyin da bai saba ba, sai ya yi 'yan tsage-tsage ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Daga nan jiki ya aiko da waɗansu ƙwayoyi su kankare wurin da ya lalace, sa'an nan waɗansu su biyo baya su cike gurbin da sabon ƙashi wanda ya fi na da ƙwari. To, ga inda gizo ke saƙar. Kankarewar tana ƙarewa cikin 'yan makonni, amma cikowar da ƙosawar sabon ƙashi sai an yi watanni. A tsakanin nan ƙashin ya fi rauni a kan yadda ya ke tun ba a fara ba.

Duk wanda ya taɓa ganin maginin gargajiya yana aiki ya gane wannan. In ya jera sahun tubali ya yaɓe, ya kan bari ya sha iska kafin ya ɗora wani. Wanda ya ce a yau zai kai katanga har sama da ɗanyen laka, ya san abin da zai tarar da safe.

Abin da ya ke ruɗin mai horo shi ne gaɓoɓin jiki ba tare su ke ƙarfi ba. Zuciya da huhu su kan saba da gudu cikin makonni kaɗan, tsoka ma ba ta daɗewa. Jijiya da ƙashi su ne 'yan baya. Saboda haka a mako na uku ko na huɗu kofur zai ga yaransa sun daina haki, sai ya ce sun nuna, ya ƙara musu nisa da kaya. A daidai wannan lokaci kuwa ƙashinsu yana tsakiyar gyara.

ABIN DA AKA GWADA AKA GANI

Ba da ka na ke wannan magana ba. An gwada, an ƙidaya.

A shekarar 1977 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da maza masu shekara 20 zuwa 35, har mako 20. Waɗanda su ke gudun minti 30 sau uku a mako, 24 cikin 100 suka ji ciwo. Waɗanda su ke minti 45, sai adadin ya haura zuwa 54 cikin 100, ƙarin ƙarfin numfashin da suka samu kuwa kusan ɗaya ne da na 'yan minti 30. Haka kuma masu gudu kwana uku a mako, 12 cikin 100 suka ji ciwo, masu kwana biyar 39. Watau akwai iyakar da in an wuce ta, riba ta tsaya, hasara kaɗai ke ƙaruwa.

Rundunar Amurka da a ke kira Marin, masu yaƙi a ruwa da tudu, sun gwada wannan a kan kuratansu, aka ba da labarin a 1996. Rukunin da suka yi gudun mil 55 cikin makonnin horo, 37 cikin 1,000 ƙashinsu ya tsage. Waɗanda aka rage musu zuwa mil 33, 17 ne cikin 1,000. Da aka zo jarrabawar ƙarshe ta gudun mil 3, rukunin farko sun yi ta cikin minti 20 da sakan 20, na biyun kuwa minti 20 da sakan 53. Jama'a, a dubi wannan ciniki. Sakan 33 ne aka saya da ƙafafun yara 20 cikin kowane dubu.

Labarin da ya fi koyarwa shi ne na Isra'ila. A 1985 likitocinsu suka bayyana cewa cikin kuratan ƙasa 295 da suka bi har mako 14, mutum 31 cikin 100 sun samu tsagewar ƙashi, galibi a ƙwauri. Suka shiga neman magani. Suka sāke irin takalmi, suka gwada shimfiɗa iri iri a cikin takalmin, har ƙwayar maganin ƙarfafa ƙashi suka ba waɗansu. Shekara 25 suna wannan fama, ba su samu abin da ya warware matsalar ba. A rahotonsu na 2008 suka ce abu biyu ne suka yi aiki: an rage jimlar nisan macin da kurtu ke yi, an kuma kafa doka cewa lalle ya samu barcin awa 6 a ƙalla kowane dare. Da wannan kaɗai tsagewar ƙashi ta ragu da fiye da rabi. Maganin da aka yi ta nema a kanti, ashe yana cikin jadawalin aiki.

Sai Ostareliya, a sansanin kurata na Kapuka. A wajen 1991 zuwa 1992, mata 11 cikin 100 na samun tsagewar ƙashin ƙugu. Da aka duba sai aka ga dalilin. Ana jera dogo da gajere a sahu ɗaya, a ce kowa ya yi taku iri ɗaya, gajeren ya yi ta buɗa ƙafa fiye da halittarsa yana buga dunduniya da ƙarfi. Aka rage saurin maci daga kilomita 7 da rabi a awa zuwa kilomita 5, aka bar kowa ya yi takunsa, aka koma gudu a ƙasa mai taushi, aka musanya dogon gudu da gajere mai hutu a tsakani. A shekara ta gaba abin bai kai mace 1 cikin 100 ba. Tun da ya ke mata ma suna shiga aikin soja a ƙasarmu, wannan darasi namu ne.

ABIN DA BAI YI AMFANI BA

Yana da kyau a san abin da aka gwada bai biya ba, don kada a ɓata kuɗi da lokaci. A Kapuka ɗin nan aka raba kurata 1,538 gida biyu, rabi suna miƙe jijiyoyin ƙafa kafin kowane horo, rabi ba su yi, amma dukansu suna ɗumama jiki. A shekarar 2000 aka buga sakamakon: babu wani bambancin kirki tsakaninsu. A Amurka kuma, wajen 2009 da 2010, an gwada auna tafin ƙafar kowane kurtu a ba shi takalmin gudun da aka ce ya dace da ita, a sojan ƙasa da na sama da Marin. Nan ma ciwo bai ragu ba. Kwamitin rundunoninsu da ya tace shaidun nan a 2010 ya hana ɗamarar baya da shan maganin kashe zafi kafin horo, ya kuma sa hana wuce iyaka wajen horo a kan gaban shawarwarinsa.

Ba ana nufin takalmi ba shi da muhimmanci ba. Wanda ya matse ko ya cinye ya kan jawo bororo da sauyin taku. Amma takalmi komai tsadarsa ba ya gyara jadawalin da aka tsara ba bisa hankali ba.

MASU CEWA ZA A LALATA SOJA

Na san abin da waɗansu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce soja ba ɗan goyo ba ne, abokin gaba ba ya jiran ka yi barcin awa shida, wanda bai sha wuya a bariki ba zai sha ta a daji. Za su kuma kawo misalin kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka ratsa duwatsu da kurmin Bama a 1944 da 1945, da yawansu da kaya a ka, a wuraren da mota ba ta shiga.

Gaskiya ne soja sai da wuya. Babu mai cewa a rage abin da a ke bukata ga soja ran da ya gama horo. Gardamar a kan hanyar kai shi can ne. Malamin da ya ƙi koya wa ɗan aji ɗaya rabawa mai tsawo bai rage darajar jarrabawar fita ba, hanyar cinta ya ke shimfiɗawa. Kuma misalin mutanen Bama, in an duba da kyau, shaida ce a gare mu. Waɗannan mutane tun suna yara su ke noma, su ke kiwo, su ke ɗauko itace da ruwa, su ke cin kasuwar ƙauye da ƙafa. Sun yi shekara goma sha suna horon ƙashinsu mataki-mataki kafin su ga bariki. Yaron birni na yau wanda babur ke kai shi makaranta ya komo da shi, ya wuni a zaune da waya a hannu, zuciyarsa tana iya zama irin ta kakansa, amma ƙwaurinsa ba irin nasa ba ne. Bincike a rundunoni dabam dabam ya nuna cewa wanda ya shigo ba shi da ƙarfin gudu shi ya fi saurin jin ciwo, haka ma mai shan taba.

Sa'an nan a yi lissafin hasara. Kurtun da ƙashinsa ya tsage zai yi makonni, wani lokaci watanni, ba ya horo. An ciyad da shi, an tufatar da shi, an biya masu koya masa. In tsagewar a wuyan ƙashin cinya ta ke, inda ya shiga ƙugu, aka ci gaba da sa shi gudu har ya ɓalle, jini ya kan yanke wa kan ƙashin, sai fiɗa, wani kuwa ya gurgunce ke nan yana ɗan shekara 20. Gwamnati ta yi hasarar soja, iyaye sun yi hasarar mai taimako, abokin gaba bai kashe ko harsashi ɗaya ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, a auna kurata ran da suka shigo, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfin gudunsu. In an haɗa kowa a sahu ɗaya, mai ƙarfi ba ya ƙaruwa, marar ƙarfi kuwa yana karyewa.

Na biyu, a rubuta manhajar horon jiki kamar yadda a ke rubuta ta lissafi, nisa da nauyin kaya suna hawa kaɗan-kaɗan. Kada a ƙara nisa da nauyi da sauri duka a mako ɗaya. Kada dogon gudu da dogon maci su biyo juna a kwana biyu a jere. A haɗa da ɗaga nauyi, da tsalle, da gudun zilliya, don aikin soja ba miƙaƙƙen gudu kaɗai ba ne. Kuma a lissafta dukan takun da yaro ya yi a yini, har da zuwa ɗakin abinci da filin harbi da fareti, gama ƙashi bai san wanne ne aka rubuta a jadawali ba.

Na uku, gudun horo na laifi ya shiga lissafi. Inda aka bar kowane kofur ya ƙara tsallen kwaɗo da gudu yadda ransa ya so, manhajar da hafsa ya tsara ta zama takarda kawai.

Na huɗu, barci da abinci. A lokacin hutu ne jiki ya ke gini. A 2008 aka buga gwajin da aka yi da mata kurata 5,201 na sojan ruwan Amurka, inda aka ba rabinsu sinadarin kalsiyam da bitamin D har mako 8, tsagewar ƙashi ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Mu a nan muna da nono da madara, da ƙananan kifi da a ke ci da ƙayarsu, da kuka da zogale. Babban abu dai yaro ya ƙoshi daidai da aikin da ya ke yi.

Na biyar, a koya wa saje da kofur alamun ciwon. Idan yaro ya nuna wuri ɗaya a ƙwauri ko bayan ƙafa da ɗan yatsa, ya ce da farko bayan gudu ya ke ji, yanzu kuwa har yana tafiya ko yana kwance, wannan na likita ne. Ciwon matsematsi mai sa ɗingishi kuwa a daina taka ƙafar nan take. A sani kuma hoton ƙashi na farko sau da yawa ba ya nuna kome sai bayan mako biyu ko uku, saboda haka hoto mai kyau ba shaidar ƙarya ba ne. Jiki magayi, in an ƙi sauraronsa yana raɗa, za a ji shi yana ihu.

Na shida, kuma a nan ne na ke kiran malaman ofis, a buɗe rajista. Kowane ciwo a rubuta shi: wane rukuni, wane mako, wace gaɓa, ana wane aiki, kwana nawa aka rasa. Duk nasarorin da na ambata a sama da alƙalami aka fara su. Da ba a ƙidaya ba, da har yanzu ana cewa yaran ne ragwaye. Rajista ita ce kuma za ta raba mai ciwo da mai ƙarya, gama in rukuni ɗaya ya fi sauran gurgunta yara shekara bayan shekara, an san ba daga yaran ba ne. Ya kamata a riƙa tambayar kwamanda yawan waɗanda suka ji ciwo a hannunsa kamar yadda a ke tambayarsa yawan waɗanda suka ci jarrabawar harbi.

RABON MALAMAN MAKARANTA

Kada malami ya ce wannan zancen bariki ne. Kimanin rubu'in ƙarfin ƙashin baligi a cikin shekara biyun da yaro ya fi saurin tsawo ya ke taruwa, watau yana ƙarshen firamare ko farkon sakandare, yana gabanmu. Likitocin Isra'ila sun bayyana a shekarar 2000 cewa kuratan da suka yi shekara biyu ko fiye suna wasan ƙwallo a kai a kai kafin su shiga soja, musamman ƙwallon kwando, sun fi sauran tsira daga tsagewar ƙashi. Dalili kuwa, tsalle da juyi da tsayawa farat ɗaya suna ƙarfafa ƙashi ta kowace fuska. A ganina langa da kokawa da 'yar gala-gala da tsallen igiya ba su gaza ba a wannan fanni, kuma ba su bukatar ko kwabo.

Saboda haka shugaban makarantar da ya mai da darasin motsa jiki lokacin share fili, ko ya bari aka yanka filin wasa aka yi shaguna, ya san abin da ya ke ragewa yaransa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Idan kuwa tsohon ɗalibinka ya zo ya ce zai shiga soja, ka ba shi shawara ya fara shiri wata uku ko huɗu kafin lokaci: tafiya da sauri tukuna, sa'an nan tafiya da ɗan gudu, sa'an nan gudu kwana uku a mako da hutu a tsakani, ya kuma rabu da taba. Kada ya kwana yana zaune ya tashi da gudun mil goma don an ce jibi za a yi zaɓe.

Ba don a rage wa masu horo girma na yi wannan magana ba, aikinsu mai nauyi ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙasa tana bukatar soja masu jimiri, iyaye kuma sun ba da 'ya'yansu amana. In ƙasa ta kira yaro ya ba da lafiyarsa a fagen fama, wannan alkawari ne da ya ɗauka da saninsa. Amma a karya shi a filin fareti don an ƙagauta, wannan hasara ce wadda a ke iya kaucewa da jadawali da rajista da barcin dare. Sannu ba ta hana zuwa.